Ƙugiya Mai Gashi: Yadda Ake Ɗaura Ɗan Kifin Ƙarya Don A Kama Babban Kifi

 

Shirin da muka taƙaita a nan wani Alhaji ne ya jawo shi, dillalin motocin hannu da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Lome ana haurawa da su arewa. Yana share wata mota da aka sauke masa, sai ya tsinci wani ɗan akwatin roba a ƙarƙashin kujera. Da ya buɗe, sai ga ƙugiyoyin kamun kifi jere, kowace an naɗe ta da zare da gashin tsuntsu, wasu har da idanu biyu suna kallonsa. Yaransa suka ce asiri ne, a ƙone. Shi kuma ya ce a'a, bari a tambaya tukuna. Haka akwatin ya iso teburinmu, haka kuma na shafe mako uku ina bin diddiginsa, daga littattafai zuwa bakin teku.

To Alhaji, hankalinka ya kwanta. Ba laya ba ce, ba sammu ba ne. Kayan sana'a ne, kuma sana'ar da kusan duk kayan haɗinta suna cikin rugar Bafulatani da shagon ɗan tireda.

Mene ne wannan abu?

Duk wanda ya taɓa jefa fatsa ya san koto, wato abincin da ake soka wa ƙugiya: tana, gara, fara, ɗan ƙullin tuwo, ko ɗan ƙaramin kifi. Abin da ke cikin akwatin Alhaji koto ne na ƙarya. Ba ya ruɓewa, ba ya wari, ba a tonon ƙasa a nemo shi. Turawa suna kiransa "ƙuda", saboda na farkon da aka fara yi ƙwari suke kwaikwaya. Wani marubucin Rum mai suna Aelian ya rubuta tun wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa cewa mutanen Masadoniya suna naɗa jan ulu a ƙugiya, su haɗa da gashin zakara biyu, su kama kifi da shi. Kun ga ke nan dabarar ta haura shekara 1,800.

Amma na cikin akwatin Alhaji ba ƙwaro suke kwaikwaya ba. Dogaye ne, farare a ciki, masu duhu a baya. Ɗan ƙaramin kifi suke kwaikwaya, irin wanda babba yake farauta. Don haka a shirin muka raɗa masa suna ɗan kifin ƙarya.

Kifin da aka yi su dominsa shi ne wanda Ingilishi ke kira tirawut, Faransawa kuma su ce turwit. Kifin ruwan sanyi ne. Idan zafin ruwa ya wuce digiri 20 ya fara wahala, idan ya kai wajen 25 mutuwa yake yi. Saboda haka kada wani ya wahalar da kansa nemansa a Mono ko Oti ko tafkin Togo, babu shi. A Afirka sai a wuraren tsaunuka masu sanyi: Maroko, Lesoto, Afirka ta Kudu, Habasha, da Kenya, inda aka kai shi daga Birtaniya a 1905.

Wani zai ce to mene ne namu a ciki? Namu shi ne halin kifin. Tirawut idan ya girma yakan rage bin ƙwari ya koma cin 'yan uwansa ƙanana. Wannan hali kuwa shi ne na giwan ruwa, shi ne na tsage, kuma manyan kifayen teku da ake saukewa kullum a Lome haka suke. A kogin Faro na ƙasar Kamaru, wanda ke zuba cikin Binuwai, wanda makiyayan Adamawa suka sani kamar tafin hannunsu, baƙi na biyan kuɗi masu yawa su zo su kama giwan ruwa da dare da irin wannan ƙugiya mai gashi. Ƙaryar da ta ci tirawut a Amurka tana cin giwan ruwa a gida.

Mutum uku da suka gyara sana'ar

Kafin mu zo kan yadda ake ɗaurawa, ga mutum uku da ya kamata a sani, domin kowannensu matsala guda ya warware.

Ta farko mace ce, Carrie Stevens, a jihar Maine ta Amurka. Ta san aikin ƙawata huluna da gashin tsuntsu. A 1924 ta ɗaura nata ɗan kifin ƙarya, ta jefa a wani wuri da ake kira Upper Dam, ta kama tirawut mai nauyin kilo 3 da ɗan ɗoriya, ta zo ta biyu a gasar wata mujalla. Daga nan oda ta yi ta zuwa mata. Abin da ta gyara shi ne siffa: maimakon gashin ya tsaya tsaye bisa ƙugiya, sai ta kwantar da shi a gefe da gefe, ya zama siriri mai tsawo kamar kifin gaske. Fitaccen aikinta shi ne Gray Ghost. Kuma a hannu take riƙe ƙugiyar tana ɗaurawa, ba ta amfani da abin maƙalewa. Ku riƙe wannan, masu cewa sai da kayan Turai.

Na biyu Lefty Kreh, wanda a ƙarshen shekarun 1950 ya fito da Lefty's Deceiver don kifin ruwan gishiri. Matsalarsa ita ce dogon gashi yana naɗewa a lanƙwasar ƙugiya idan aka jefa. Sai ya mayar da dogon gashin can baya wajen wutsiya, ya kewaye gaba da gajeren gashi mai tauri.

Na uku Bob Clouser, a kogin Susquehanna na jihar Pennsylvania, wanda a 1987 ya fito da Clouser Minnow. Shi idanun ƙarfe masu nauyi ya ɗaura a bayan ƙugiya. Nauyin sai ya kifar da ita, tsinin ya koma sama. Amfanin biyu ne: ba ta kama dutse da ciyawar ƙasan ruwa, kuma duk sanda aka sassauta igiya sai kan ya dulmiya ƙasa kamar kifin da ya ji rauni. Wannan na ukun shi za mu koya, domin ya fi sauƙi kuma ya fi dacewa da ruwayenmu masu itatuwa a ƙasa.

Me babban kifi yake gani?

Na je sabuwar tashar masunta ta Gbétsogbé, wadda aka gina da tallafin ƙasar Japan aka buɗe a 2019, da ɗan kifin ƙarya na farko da na ɗaura da hannuna. Wallahi na ji daɗin kaina. Na cika masa gashi, ja da kore da rawaya, kamar amarya. Wani dattijon masunci, mutumin Gana, ya karɓa ya jefa a bokitin ruwa. Abin ya tsaya a sama yana yawo kamar mataccen ɗan tsako. Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Baba, ina laifinsa?" Ta bakin wani yaro da ya yi mana tafinta ya ce, "Ɗana, wannan mutum aka yi wa kwalliya, ba kifi ba." Sai ya ciro nasa daga kwalekwale: ƙugiya ce da 'yan zarurrukan farin buhun shinkafa ɗaure a wuyanta, ba su fi a ƙirga ba. Ya ce da wannan suke jan igiya a bayan jirgi idan za su fita.

Darasin da na ɗauko ke nan. Babban kifi ba ya zama ya ƙare wa abu kallo. Abu huɗu yake lura da su cikin ƙiftawar ido.

Na ɗaya girma da siffa. Idan 'yan kifin da yake ci a wannan ruwa tsawon ɗan yatsa ne, naka ma ya zama haka. A kogi ka dubi kawara da 'ya'yan karfasa da ke bakin gaɓa. A teku ka dubi ɗan kifin nan da matan Katanga ke shanyawa da bandawa, wanda ake kira abobi ko doevi a kasuwa. Ɗauki guda, ka ajiye gabanka, shi ne malaminka.

Na biyu launi. Juya kowane ɗan kifi ka gani: bayansa duhu, cikinsa fari. Hikimar Ubangiji ce. Tsuntsun da ke sama ya duba sai ya ga duhu cikin duhun ruwa, kifin da ke ƙasa ya ɗaga kai sai ya ga fari cikin hasken sama. Ɗan kifin ƙarya ma haka zai kasance, launi biyu sun isa.

Na uku ƙyalli. Ɗan kifi idan ya juya, ɓawon jikinsa yana walƙawa sau ɗaya ya ɓace. Zaren ƙyalli huɗu zuwa shida sun wadatar. Idan ya yi yawa a ruwa mai haske, tsoro yake ba kifi.

Na huɗu, wanda ya fi duka, motsi. Kifi yana da wani layi a gefen jikinsa tun daga kai har wutsiya, da shi yake jin girgizar ruwa ko da bai ga komai ba. Gashi kaɗan yana numfashi cikin ruwa, ya buɗe ya rufe. Gashi mai yawa yana cunkushewa, ya riƙe iska, ya ƙi nutsewa. Kuskurena ke nan, kuma kuskuren kusan duk ɗan koyo. Idan ka ɗebo gashin da kake ganin ya isa, raba shi biyu ka ajiye rabi.

Kayan haɗi

A nan ne makiyaya za su yi murmushi. A shagunan Turai da Amurka ana sayar da wutsiyar maraƙi da aka wanke aka rina, a cikin leda, musamman don wannan aiki. Ana sayar da gashin zabo, da gashin wuyan zakara, da gashin akuya mai tsawo. Abin da suka fi amfani da shi wutsiyar barewar ƙasarsu ce. Mu kuma abin da mahauta ke zubarwa kullum a mayanka, da wanda ake sharewa a kasuwar shanu ta Adétikopé, shi ne wannan.

Ga abin da za ka tanada:

Ƙugiya mai dogon jiki, daidai da kifin da kake nema. Ta teku a sami wadda ba ta saurin tsatsa.

Zare mai ƙarfi, irin na nailan da teloli ko masu ɗinkin takalmi ke aiki da shi. Zaren auduga yana ruɓewa a ruwa.

Farin gashi da baƙi ko ruwan ƙasa. Gashin wutsiyar maraƙi ko na bunsuru ya fi na babban sa, domin na babban sa ya yi kauri, ba ya rawa sosai a ruwa. Farar saniya irin Bunaji ta ba ka na ciki, jar saniya irin ta Bororo ta ba ka na baya. A wanke da sabulu sosai a fitar da maiƙo, a shanya a inuwa. Wanda bai sami na dabba ba, gashin kanti na kitso yana yi, ga shi nan jibge a Asigame, a nan Lome ma ake ƙera shi.

Zaren ƙyalli, irin na masu aikin surfani a wuyan riga, ko a yanka ledar biskit mai walƙiya siri-siri.

Idanu: sarƙar nan mai ƙananan ƙwallaye da ake rataya mabuɗi. A yanko ƙwallo biyu haɗe da juna.

Almakashi ko reza, da gam mai kamawa nan take ko jan farce marar launi.

Yadda ake ɗaurawa

Da farko ka kafe ƙugiyar. Ka soka lanƙwasarta a tsagin wani itace, ko ka matse ta da filaya ka ɗaure hannun filayar da roba. Jikin ƙugiya ya kwanta a miƙe, tsinin yana ƙasa.

Ka fara naɗa zare daga bayan hujin da ake zura igiya, kana komawa baya, zagaye kusa da zagaye, har ka rufe kashi ɗaya cikin uku na jikin. Wannan shimfiɗa ita ce tushe. Idan babu ita, duk abin da ka ɗora zai riƙa juyawa a kan ƙarfe.

A daidai nan ka ɗora idanun a bisa bayan ƙugiya, a gicciye. Ka naɗa zare ta tsakaninsu, daga dama zuwa hagu, daga hagu zuwa dama, kamar yadda ake ɗaure itace biyu a gicciye wajen kafa bukka. Sau goma kowane gefe, sannan ka zagaya ƙarƙashinsu ka matse, ka ɗiga gam. Kada ka kai idanun dab da huji, ka bar wurin da za ka ɗaure gashi.

Yanzu farin gashi. Ɗebo kamar kaurin tsinken ashana biyu. Riƙe shi ta tsini, ka fizge gajerun da ke gindinsa ka zubar. Tsawonsa ya kai jikin ƙugiya sau biyu, ko da ɗan ƙari. Ɗaure gindinsa a gaban idanu, ka kwantar da shi ta tsakaninsu, ka sake ɗaure shi a bayansu. Kada ka datse tsinin gashin da almakashi don ya yi daidai. Yadda Allah ya yi shi siriri a ƙarshe, shi ke ba shi rawa.

Sai ka juya ƙugiyar, tsini ya koma sama. Haka za ta yi iyo a ruwa, don haka farin da ka ɗaura ya zama ciki ke nan. A gaban idanu ka ɗaura zaren ƙyallinka, ya ɗan fi gashin tsawo kaɗan. A bisansa ka ɗora gashi mai duhu, daidai yawan farin, ka ɗaure shi a gaban idanu kawai, ka raba shi ya wuce ta gefen tsinin ƙugiya biyu.

Daga ƙarshe ka yanke burbushin gindin gashi a karkace, ka naɗe shi da zare ya zama ɗan kai mai tsini, ka yi ƙulli uku ko huɗu, ka yanke, ka shafa gam. Ka lura kada gam ya toshe huji.

Kafin ka tafi kogi, gwada shi a bokiti ko kwarya babba. Ya nutse da kai? Tsini yana sama? Idan ka ja shi yana tafiya a miƙe, ko yana juyawa kamar farfela? In yana juyawa, gashin ya fi yawa a gefe guda, ko idanun sun karkace. Na farko zai ci maka rabin awa. Idan hannu ya saba, minti biyar ne.

Ga ruwan damina mai laka, inda kifi ba ya gani nesa, sai a canza: a yi shi baƙi gaba ɗaya, a ƙara masa kauri a kai don ya riƙa tura ruwa, kifi ya ji shi kafin ya gan shi.

Yadda ake jefawa ba tare da sandar Bature ba

Ɗan kifin ƙarya ba shi da nauyin da za a wurga shi nesa. Turawa suna da sanda ta musamman da igiya mai nauyi, kuma tsadarsu ba ta talaka ba ce. Mu ga hanyoyi uku.

Ta ɗaya, ka ɗaura 'yar dalma a igiyarka, ka bar tsawon hannu guda tsakaninta da ƙugiya. Ka naɗe igiyar a jikin gwangwani ko kwalba, ka wurga, igiyar za ta warware da kanta. Ta biyu, inda ruwa ba zurfi, maimakon dalma ka sa 'yar ƙaramar robar magani da ka zuba wa ruwa rabi. Tana da nauyin jifa, amma ba ta nutsewa. Ta uku, idan kana cikin kwalekwale, ka saki igiya a baya kana tuƙi a hankali.

Abin da ya raba wannan da fatsar da muka saba shi ne ba a jefawa a zauna jira. Tana tana da ƙamshi, kifi zai biyo ta. Gashi ba shi da ƙamshin komai, ransa yana hannunka. Ka ja taƙi ɗaya, ka tsaya, ka ja biyu da sauri, ka tsaya. Sau da yawa a lokacin tsayawar ne ake kai masa cafka, lokacin da kan ya dulmiya. Wuraren nema su ne gindin itacen da ya faɗa ruwa, bayan dutse, bakin ciyawa, da inda ƙaramin rafi ya haɗu da babba. Lokaci kuwa sassafe da gab da magariba.

Tsage yana da haƙora kamar zarto, yana datse igiyar roba. In shi kake nema, ka sa 'yar siririyar waya tsawon taƙi guda kafin ƙugiya. Kuma a faɗi gaskiya: tarwaɗa ta fi bin wari, karfasa ta fi bin ganye da ƙananan abubuwa. Ba a ce ba sa taɓawa ba, amma wannan dabara ta kifi mafarauci ce.

Tambayoyin masu sauraro

Wani makiyayi ya bugo daga wajen Mango, bakin kogin Oti, ya ce shi Bafulatani ne, ina ruwansa da su, ai wannan aikin Sarkawa ne. Baffa, gaskiyarka, kowa da gadonsa. Sarkawa da Kabawa su ne masu ruwa, bikin Argungu da aka fara a 1934 shaida ne. Ba mu ce ka ajiye sanda ka ɗauki koma ba. Amma da rani, lokacin da nono ya ja baya, yara suna yini a bakin mashaya. Kifi ɗaya mai kilo biyu miyan gida ne na kwana biyu, ba a sayar da ɗan akuya ba. In kuma ba ka ci, gashin wutsiyar da kake da shi haja ce ga mai ci.

Wani kuma daga Agoè-Zongo ya tambaya ko akwai kasuwa a ciki. A Kenya akwai ma'aikatu da mutane ke zaune suna ɗaura irin waɗannan ƙugiyoyi da hannu, ana fitar da su Turai da Amurka, kuma sana'ar ta daɗe tana ciyar da gidaje a can. A nan ba za mu yi wa kowa alkawarin arziki ba. Mai son gwadawa ya ɗaura goma, ya ba masunta biyu ko uku a Nangbéto ko Aného kyauta, ya koma bayan mako biyu ya ji. In sun nemi ƙari, ka sami kasuwa. In ba su nema ba, asararka ba ta wuce kuɗin shayi ba.

Amma 'yan kasuwa, ga gargaɗi. Akwai masu neman gashin tsuntsayen da doka ta hana, kuma haukan abin ya kai inda a 2009 wani matashi Ba'amurke, Edwin Rist, ya fasa gidan tarihi na Tring a Ingila ya sace fatun tsuntsaye 299 saboda gashinsu. Yarjejeniyar CITES ta 1973 ta tsare cinikin irin waɗannan tsakanin ƙasashe, kuma Togo tana ciki. Aku mai jar wutsiya, tun taron 2016 aka sa shi a jerin da aka fi tsanantawa. Wanda ya ba ka saƙon gashin aku ko na wani tsuntsun daji ka ƙetare masa iyaka, kada ka karɓa. Kai duwan za su riƙe, ba shi ba. Kaza, zabo, agwagwa, akuya da saniya sun ishe ka.

Abin da ya sa muka ba wannan magana awa guda

Ba don nishaɗi kawai ba ne. Duk wanda ya zauna bakin ruwa a ƙasashen nan ya san yadda wasu ke kamun kifi: a zuba gamalin ko maganin feshin auduga a gulbi, kifi ya taso ciki sama, babba da ƙarami. Sinadarin da ke cikin gamalin, wato lindan, an sa shi cikin jerin gubobin da yarjejeniyar Stockholm ta hana tun 2009. Ruwan da aka zuba wa gubar nan shi ne mashayar shanunku, shi mata ke ɗiba, kifin kuma shi ake bandawa a kawo kasuwa mu saya. Wasu kuma gidan sauro suke ja, su kwashe har 'ya'yan da ba su kai ƙwayar gyaɗa ba. Wanda ya kwashe ƙananan ya kashe manyan, tunda mun ga abincinsu ke nan.

Ƙugiya mai gashi kifi ɗaya take kamawa a lokaci ɗaya, kuma wanda ya isa ci. Ba ta buƙatar a kashe ɗan kifi a yi koto da shi. In ƙarami ya kama, ka cire ka mayar.

Sai dai ita ma tana da ladabinta. Kowane ruwa yana da masu shi. Baƙo ya fara gaida sarkin gari ko sarkin ruwa ya nemi izini, domin akwai gulaben da mutanen wuri ba sa taɓawa sam, kuma rigimar makiyayi da mai gari ba ta buƙatar ƙarin dalili. A tafkin Nangbéto, wanda madatsar 1987 ta samar a kan Mono, hukuma tana rufe su daga tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Nuwamba don kifi ya hayayyafa, kuma dokar ta hau kan kowa. A kula da kada da dorina. A rage tsayuwa cikin ruwan da ba ya gudu saboda tsargiya. Sannan, don Allah, kada a yar da tsinkakkiyar igiya ko ƙugiya a bakin mashaya. Ta shiga kofaton saniya ko leɓenta, ko ƙafar yaro, kifin da aka kama bai biya ba. Ni ma ɗaya ta shige mini babban yatsa ina koyo, sai da aka kai ni wurin likita. Tun ranar nake matse ɗan haƙorin ƙugiyar da filaya kafin in fara aiki, ku ma ku yi haka.

Alhaji ya karɓi akwatinsa. Ya bar mana guda biyu a ofis, duk mai son ganin yadda aka ɗaura su ya biyo ya duba. Wanda ya gwada nasa, ya kama ko bai kama ba, ya aiko mana da saƙon murya a lambar da muke faɗa a ƙarshen shiri, ya gaya mana wane ruwa ne, wane launi ya sa, da wane lokaci. Za mu karanta su a shiri na gaba, inda za mu ɗauko maganar bandar kifi da yadda ake tsare shi daga ƙwari a doguwar tafiya zuwa arewa.

Allah ya tsare hanya, ya ba da sa'ar kasuwa, ya albarkaci dukiya. Mu kwana lafiya.